Allurar "Nano" Da Sankara: Abin Da Ya Riga Ya Iso Garuruwanmu Da Abin Da Bai Iso Ba

A ranar 24 ga Oktoba 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa, kuma Jigawa da Kano suna cikin rukunin farko na jihohin da aka fara da su. Tun daga lokacin, a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, tambayar da iyaye suke kawo wa malamai ta sauya kama. Da can ana tambaya ne ko allura tana hana haihuwa. Yanzu an ƙara da wata kalma da ta shigo bakin jama'a tun zamanin korona, wato "nano". Saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp suna cewa Turawa sun ƙera wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani suna ɗura su a jikin mutane. Abin lura shi ne rabin wannan magana gaskiya ce. Akwai ƙwayoyin, ido ba ya ganin su, kuma suna cikin alluran da ake yi wa 'ya'yanmu. Ƙaryar tana cikin abin da aka ce suna yi.

Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an fahimci haƙiƙaninsa. Saboda haka kafin halas ko haram, sai mu fara da sanin abin.

"Nano" ma'auni ne, kamar yadda mudu da tiya suke ma'auni. Idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kowane gida shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai kimanin nanomita 80,000. Ƙwayar da ke cikin allurar sankarar bakin mahaifa kuwa faɗinta kimanin nanomita 55 ne, ma'ana sai an jera fiye da 1,000 kafin su kai kaurin gashi guda. Ƙanƙantar abu kuwa ba hujja ba ce a kan sharrinsa. Nonon da ake dama mana fura da shi a kasuwar Kazaure cike yake da dunƙule-dunƙulen furotin masu irin wannan girma, Allah ne ya halicce su haka tun kafin a ƙirƙiro kalmar.

Dalilin da ya sa masana suka koma ga wannan girma shi ne garkuwar jikin ɗan Adam ta saba da shi, domin yawancin ƙwayoyin bairos girmansu ke nan. Abu mai wannan girma yana bin ruwan jiki daga wurin da aka yi allura har ya isa kaluluwa, waɗannan 'yan ƙulle-ƙulle na hammata da wuya da matsematsi da kan kumbura idan mutum ya ji rauni. A nan sojojin garkuwar jiki suke taruwa su karanci kamannin baƙo, su haɗa makamin da ya dace da shi, su kuma ajiye siffarsa don gaba.

Iri biyu ne suka shafe mu kai tsaye. Na farko shi ne kwanson bairos wanda babu komai a cikinsa. Ana sa yisti, ɗan'uwan wanda ake kwaɓa burodi da shi, ya samar da furotin ɗin da ke lulluɓe bairos, sai furotin ɗin ya harhaɗa kansa ya zama dunƙule mai kama da bairos sak, amma babu ƙwayar gado a ciki, ba ya hayayyafa, ba ya sa cuta. Kamar ɓawon gyaɗa ne da aka cire ƙwayar. Wannan fasaha ta tsufa a hannunmu ba mu sani ba. Allurar ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jariri a ranar haihuwa, wadda kuma take cikin allurar nan mai kariya daga cututtuka biyar da ake yi a sati 6 da 10 da 14, da irin wannan ƙwaya ake yin ta, faɗinta kimanin nanomita 22, kuma tun 1986 ake haɗa ta da yisti. Duk uwar da ta kai jaririnta awo a Babban Asibitin Kazaure ko ƙaramin asibitin ƙauyensu ta riga ta karɓi "nano" shekaru da dama, yaran sun girma, wasunsu sun yi aure sun haifi nasu.

Na biyu shi ne ɗigon maiƙo mai ɗauke da saƙo, wanda kamfanonin Pfizer da BioNTech da Moderna suka yi allurar korona da shi. Saƙon, wanda ake kira mRNA, umarni ne na ɗan lokaci da ke gaya wa ƙwayar halitta ta ƙera wani furotin guda. Rauni gare shi ƙwarai, idan aka zuba shi tsirara a jiki nan take yake narkewa, shi ya sa ake naɗe shi cikin ɗigon maiƙo mai faɗin kimanin nanomita 80 zuwa 100, wanda aka haɗa da nau'o'in maiƙo huɗu, ɗayansu ma kolestarol ne da ke jikin kowa. Saƙon ba ya shiga cibiyar ƙwayar halitta inda gado yake, kuma jiki yana rushe shi bayan ya gama aiki. Katalin Kariko da Drew Weissman sun sami kyautar Nobel a 2023 saboda gano yadda za a gyara wannan saƙo jiki ya karɓe shi. Zancen cewa akwai na'urar bin diddigi a cikin ɗigon maiƙo kuwa, duk wanda ya taɓa neman sabis a bayan duwatsun Roni da waya mai batir da eriya ya san amsarsa.

To, mene ne hukuncin shari'a? Asalin neman magani halas ne, kuma hadisin Abu Huraira da ke cikin Sahihul Bukhari ya tabbatar da cewa kowace cuta an saukar da maganinta. Rigakafi kafin cuta ta zo ma yana da asali. Da Sayyidina Umar ya isa Sarga a hanyarsa ta Sham aka ba shi labarin annoba, ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa juyawar ita ma cikin ƙaddara take. Shaihu Ibn Baz ya halatta allurar rigakafi yana kafa hujja da hadisin cin dabinon ajwa bakwai da safe don kariya. Abin da ya rage shi ne kayan haɗi. Allurar Gardasil da ake yi wa 'yan matanmu, wadda kamfanin Merck yake yi, an bayyana kayan haɗinta: furotin daga yisti, gishirin alminiyam da ke zaburar da garkuwar jiki, gishirin abinci, da wasu sinadarai masu riƙe haɗin. Babu wani abu na alade a jerin. Pfizer da Moderna su ma sun bayyana cewa babu shi a allurarsu ta korona. Inda kuwa aka sami maganin da aka yi amfani da wani abu na najasa wajen haɗa shi, malamai sun daɗe da magana a kan istihala, wato rikiɗewar abu daga haƙiƙarsa zuwa wata, kuma taron da ƙungiyar likitancin Musulunci ta shirya a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa jelatin da ya rikiɗe ya tsarkaka. Akwai masu saɓawa, muna girmama saɓaninsu. Majalisar Malaman Indunusiya a 2021 ta ce allurar AstraZeneca ta haɗu da wani sinadari na alade a wani mataki na haɗa ta, amma ta halatta amfani da ita saboda lalura. Wannan fatawa abin koyi ce ta fuskar hanya, domin malaman sun nemi takardun haɗin, sun zauna da masana, sannan suka yi magana.

Ba za mu zargi mutanenmu da jahilci don suna ɗari-ɗari ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa, iyaye suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Daga Kazaure zuwa Kano tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce, labarin ya shiga kowane gida. Sai dai akwai kashi na biyu na tarihin da ba a cika faɗa ba. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin tana hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, bayan an kawo allura daga Indunusiya. A tsakanin nan cutar ta bazu daga ƙasarmu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Indunusiyar kanta da Yaman. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru yau magidanta ne, muna ganin su a kan kekunan guragu a bakin masallatai. Sai a 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan inna na asali, bayan sarakuna da malamai sun sa baki. Cutarwar da kamfani ya yi ta shafi ɗaruruwa, kuma an kai shi kotu. Wadda jita-jita ta yi ta fi yawa, kuma babu wanda aka gurfanar.

A wannan karon abin da ke cikin haɗari shi ne ran mata. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta nuna mata kimanin 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya a shekara guda, kimanin 8,000 suka rasu. Biyu cikin uku ke nan. Bairos ɗin HPV ne ke jawo ta, kamar yadda Bajamushe Harald zur Hausen ya gano, kuma nau'i na 16 da na 18 kaɗai suna jawo kimanin kashi 70 cikin 100. Cutar tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 tana ginuwa shiru. Mace tana ganin jini bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari, kunya ta hana ta faɗa, a ce sanyi ne, a ce iska ce, a sha sassaƙe da jiƙo, sai abu ya ci ƙarfi a ɗauke ta zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Shika a Zariya, a sayar da gona da bisashe, likita ya ce an makara. Limaman da ke sallatar gawa sun san irin wannan mutuwa ko da ba a faɗi sunanta ba.

Akwai wata hujja da mutanen kirki suke kawowa wadda ta cancanci amsa mai nauyi. Suna cewa tunda bairos ɗin ta hanyar saduwa yake yaɗuwa, yi wa yarinya allurar tamkar buɗe mata ƙofar alfasha ne, kuma 'yar da aka tarbiyyantar ba ta buƙata. Mu ma muna kira ga kamun kai, kuma shi ne babbar kariya. Amma yarinyar da ta tsare kanta har ta shiga ɗakin miji ba ta da iko a kan abin da ya gabata a rayuwar mijin, ko na matar da ya aura kafin ita, ko na tsohon mijin abokiyar zamanta. Bairos ɗin ba ya nuna alama a jikin yawancin masu ɗauke da shi, namiji yana iya kai shi gidansa ta halastacciyar hanya bai sani ba. A al'ummar da saki da sake aure suka yawaita irin tamu, wannan magana ba ta buƙatar dogon sharhi. Kuma wajibi ne mu ja kunne, kada a riƙa kallon matar da ta kamu da wannan sankara da idon zargi, domin ƙazafi babban zunubi ne. Game da haihuwa kuwa, allurar tana aiki a duniya tun 2006. Ostireliya ta fara yi wa 'yan matanta a 2007, Abu Dabi a 2008, Malesiya a 2010, kuma 'yan matan farko na waɗannan ƙasashe sun yi aure sun haihu. A Suwidin an bi diddigin mata fiye da miliyan ɗaya da rabi, aka wallafa a 2020 cewa waɗanda aka yi wa allurar kafin shekara 17 haɗarin sankarar ya ragu musu da kimanin kashi 88 cikin 100.

Wannan ba ya nufin allura ba ta da illa ko kaɗan, kuma jami'in da ya ce haka ya yi wa aikinsa ɓarna. Hannu yana ciwo, zazzaɓi yana zuwa, wata yarinyar tana iya suma don tsoro. Allurar korona ta mRNA an tabbatar tana jawo kumburin tsokar zuciya ga wasu ƙalilan, galibi samari, kuma yawancinsu sun warke. Faɗin wannan a fili shi ke sa a gaskata sauran maganar.

Ɓangaren da jaridun duniya suka fi yayatawa shi ne allurar da ake fatan za ta yaƙi sankarar da ta riga ta kama mutum. Sankara daga ƙwayoyin jikin mutum take tasowa, shi ya sa garkuwar jiki take ruɗewa da ita, ga shi kuma tana da dabarar taka wa sojojin garkuwa birki. James Allison da Tasuku Honjo sun sami Nobel a 2018 saboda gano yadda za a saki wannan birki, kuma maganin Keytruda daga nan ya samo asali. Sabon matakin shi ne a yanko ƙarin da ke jikin majiyyaci, a karanta ƙwayoyin gadonsa, a zaƙulo alamomin da suka bambanta shi da lafiyayyen nama, a rubuta su cikin mRNA, a naɗe a ɗigon maiƙo, a yi wa mutumin allurar da aka ɗinka masa shi kaɗai. A Disambar 2022 Moderna da Merck suka sanar da gwaji a kan mutum 157 masu sankarar fata, inda haɗa allurar da Keytruda ya rage haɗarin dawowar cutar ko mutuwa da kashi 44 cikin 100 idan aka kwatanta da Keytruda kaɗai. A 2023 likitocin wani asibitin sankara a Niyok suka wallafa sakamakon gwajin ta BioNTech a kan mutum 16 masu sankarar fankiriyas, garkuwar mutum 8 ta amsa. Waɗannan gwaje-gwaje ne a kan mutane ƙalilan, ba magani ne da ke kan kanta ba. Duk wanda ya zo Babura ko Gwiwa da kwalba yana cewa maganin sankara ne na "nano", ɗan damfara ne, a kai rahotonsa ga NAFDAC.

Ko da an amince da allurar gobe, tazarar da ke tsakaninta da mu mai nisa ce. Keytruda kaɗai farashinsa a Amurka ya haura dala 10,000 a kowane zuwa, kuma bayan sati uku-uku ake yi. Ana buƙatar ɗakin binciken ƙwayoyin gado, da masana'antar da za ta haɗa allurar mutum guda cikin makonni, da sanyin da ba ya yankewa, alhali allurar Pfizer ta farko sai da aka ajiye ta a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri. Sankarar fatar da aka fara gwajin da ita ma ta fi damun fararen fata, mu kuwa ta nono da ta mafitsarar maza da ta bakin mahaifa da ta hanta ne suke ɗauke mana mutane. Biyu daga cikin waɗannan huɗu, ta bakin mahaifa da kaso mai yawa na ta hanta, bairos ne ke jawo su, kuma allurarsu kyauta ake yi, tana zama a firinjin da ke aiki da hasken rana a sanyin digiri 2 zuwa 8. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar ciwon hanta a 1984, sankarar hanta a yaranta ta ragu a fili. Mai kuɗi a Turai yana jiran fasahar da za ta cece shi bayan ya kamu, talakan Roni kuwa an kawo masa 'yar uwar wannan fasaha har gida tun kafin cuta ta zo.

Hukuma ita ma akwai haƙƙi a kanta, kuma ba ƙarami ba ne. Uba waliyyi ne, ba ya halatta a taɓa jikin 'yarsa a makaranta ba da saninsa ba. Duk inda aka yi haka an sayi nasarar yini guda da rashin yardar shekara goma. A fassara takardar kayan haɗi zuwa Hausa, da boko da ajami, a manna a asibiti, a bai wa limamai da malaman Islamiyya kafin ranar allura. Yawancin 'yan matan ƙauyukan Gwiwa da Roni da ba sa zuwa boko suna zuwa Islamiyya ko makarantar allo, kuma tunda allurar ta koma cikin jadawalin yau da kullum ga masu shekara 9, idan ba a bi ta nan ba to ba za a same su ba. Iyayensu mata da suka wuce shekarun allura suna buƙatar gwajin bakin mahaifa, wanda ake iya yi da ruwan tsami mai araha, a hannun ma'aikaciya mace. Ga makarantar ungozoma a Babura, ba za a ce babu inda za a horar da su ba.

Sai kuma abin da ya fi ci mana rai. Najeriya ta taɓa haɗa allurarta da kanta a ɗakin binciken Yaba da ke Legas, ta agana da ta shawara da ta cizon mahaukacin kare, har aka rufe shi a 1991 da sunan gyara. A Fabrairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen Afirka shida da za a koya wa fasahar mRNA daga cibiyar Kef Tawun, kuma a Disambar 2023 BioNTech ya buɗe wurin masana'antarsa a Kigali. Fuƙaha'u sun sanya likitanci cikin farillan kifaya, waɗanda idan babu mai yi kowa yana da laifi. Al'ummar da ba ta da masanin da zai buɗe kwalba ya auna abin da ke ciki za ta dawwama tsakanin gaskata baƙo ido rufe da ƙaryata shi ido rufe. Ɗaliban kimiyya na Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da masu hannu da shuni da ke neman inda za su kafa waƙafi, maganar tana gare su.

Jarrabawa ta gaba kuma tana tafe. Allurar zazzaɓin cizon sauro ta R21, wadda Jami'ar Oksfod ta ƙirƙira, kamfanin Serum na Indiya yake haɗawa, ita ma ƙwayar nano ce: an ɗauki kwanson nan na allurar ciwon hanta aka lulluɓe shi da furotin ɗin ƙwayar zazzaɓi, aka haɗa da sinadarin zaburarwa daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Cile. A gwajin da aka yi a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya ta rage kamuwa da kimanin kashi 75 cikin 100 a yankunan da zazzaɓi yake bin damina, irin namu. Najeriya, wadda ke ɗauke da kimanin rubu'in masu zazzaɓin duniya, ta fara da Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, da niyyar faɗaɗawa zuwa sauran jihohi. Ba ta maye gurbin gidan sauro ko maganin damina da ake raba wa yara gida-gida ba. Kuma sau huɗu ake yin ta, a wata 5 da 6 da 7, sannan ta ƙarshe a wata 15, lokacin da uwa ta daina zuwa awo, wataƙila ma tana da wani cikin. Kariyar tana raguwa idan ba a yi ta huɗun ba, kuma kai yaro asibiti a wata na 15 ba zai yiwu ba sai maigida ya ba da izini da kuɗin mashin.